Shafin da ba ya buɗewa a wayar talaka: laifin sabis ne ko na mai gina shi?

Bello Mai Kafe:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun jiya, kuma na san akwai masu gina shafukan intanet a cikinmu, shi ya sa na kawo ta nan.

Jiya Talata da hantsi wani dattijo ya shigo shagona a Mabera tare da ɗiyarsa. Daga wajen Tangaza sunka taso tun da asuba, don a cike wa yarinyar fom ɗin shiga wata makarantar koyon aikin lafiya. Ba zan faɗi sunan makarantar ba. Jibi Juma'a ake rufe fotal ɗin. Munka buɗe shafin, abu na farko da ya fara saukowa bidiyon ƙofar makarantar ne, sai hotunan shugabanni suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, maɓallin fom kuwa yana can ƙasa bai fito ba. Na duba agogo, minti biyu da wani abu kafin in samu wurin dannawa. Fom ɗin shafi huɗu ne. Munka cike na farko da na biyu, a na uku wajen ɗora fasfo sai ya yi ta juyi, ya yi ta juyi, can ya mayar da mu farko, duk abin da munka rubuta ya goge. Sau uku ana haka. A karo na huɗu munka isa wurin biya. Na danna, shiru. Babu rubutun da ya ce a jira, babu komai. Dattijon yana tsaye a kaina yana cewa ko bai dannu ba. Na sake dannawa. Wayarsa ta yi ƙara sau biyu, an cire kuɗin sau biyu, risit bai fito ba.

Mutumin nan tunkiya ya sayar ya zo da kuɗin. La'asar ta yi, dole sunka koma don kada dare ya yi musu a hanya, sunka bar mini takardun. Tambayata ita ce, don Allah masu gina shafukan nan, kuna gwada su a irin wayoyinmu da irin sabis ɗinmu kuwa kafin ku sake su?

Hajiya Luba:
Wa alaikumus salam. Innalillahi. Allah ya mayar masa da kuɗinsa. Malam Bello ka taɓo mini inda ke mini ƙaiƙayi, bari in gama da kwastoma in dawo.

Nasiru:
Yaya Bello, Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya wa dattijon. Amma a yi mana adalci. Ni gina shafuka nake yi, shekara huɗu ke nan. Komai kyawun shafi, in sabis ya faɗi ba zai buɗe ba. Kai ma ka san yadda ake fama a garin nan, ka ga sanduna huɗu a waya da alamar 4G amma ko saƙo ba ya fita. Kuma duk fotal ɗin da ake dab da rufewa, jama'a ne ke afka masa lokaci ɗaya. Mutanenmu sai ranar tafiya suke fafe gora. Da an zo tun makon farko da ba a shiga wannan ba.

Bello Mai Kafe:
Nasiru ƙanena, ban musa maka matsalar sabis ba, da ita nake kwana nake tashi. Amma ga abin da nake so ka amsa mini. A kan kwamfuta ɗaya, da layi ɗaya, a cikin sa'a ɗaya, na tura wa wani kwastoma takardu ta WhatsApp sun tafi, na buɗe Gmail ya buɗe, na cike wa wani yaro fom ɗin wata makarantar daban cikin minti goma. Wanga shafi kaɗai ya ƙi. Sabis ɗin ya san sunan makarantar ne? Batun zuwa da wuri kuma, wanda sai ya jira ranar kasuwa ya sayar da dabba ba shi ke zaɓar ranar zuwa ba.

Alhaji Garba Goronyo:
Gaskiya ta Malam Bello. Mu nan mun san mi ake kira rashin sabis. A 2021 da anka ruhe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar ga saboda matsalar tsaro, muna ciki, sai mutum ya yi tahiya mai nisa kahin shi kira ɗan'uwanai. Wancan shi na rashin sabis. Na yanzu daban na. Ina aika hoton buhunan albasa ga mutanena na Legas, shina zuwa. Ina kiran murya ta WhatsApp, tana shiga. Amma akwai wani shahi da anka ce muna iya ganin farashin kaya a kasuwannin kudu, tun bara nike gwada shi, ban taɓa ganin ƙarshenai ba. Hwari hwat, sai ɗan zoben nan shina ta kewaya. Na bar shi na koma buga waya.

Malama Asma'u:
Salamu alaikum. Ina koyar da ilimin kwamfuta, kuma wannan batu ne da nake yawan jan kunnen ɗalibaina a kai, don haka ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita.

Nasiru yana da gaskiya rabi, Malam Bello yana da sauran. Hanya ba ta da kyau, wannan kowa ya sani. Amma direban da ya san hanyar Gada da damina ba ya loda wa motarsa kayan tirela. Shafin intanet kaya ne da ake ɗorawa a kan hanya, kuma ana auna nauyinsa. Ga lissafi mai sauƙi. Nauyin shafi da megabait ake auna shi, gudun intanet kuma da megabit, kuma megabait ɗaya daidai yake da megabit 8. Shafi mai nauyin megabait 5 ya zama megabit 40 ke nan. Wanda ke ofis da intanet mai gudun megabit 20 a daƙiƙa, cikin daƙiƙa 2 ya gama sauke shi, ya ce shafinsa lafiya lau. Wanda ke Mabera da yamma, lokacin da kowa ya hau layi gudun ya sauko zuwa megabit 1, sai ya jira daƙiƙa 40. Wanda wayarsa ta koma harafin E a ƙauye, inda da ƙyar ake samun kashi ɗaya cikin biyar na megabit, zai jira daƙiƙa 200, sama da minti uku, in ma layin bai yanke a tsakani ba. Shafi ɗaya ne fa, mutum uku.

To da a ce shafin nan kilobait 300 ne, wato ƙasa da sulusin megabait ɗaya, na ƙauyen ma cikin daƙiƙa 12 ya gani. Wannan bambancin ba a hannun kamfanin waya yake ba, a hannun wanda ya gina shafin yake.

Kuma an daɗe da sanin iyakar haƙurin ɗan Adam a gaban na'ura. Tun 1993 wani masani, Jakob Nielsen, ya bayyana iyakoki uku. In na'ura ta amsa cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, mutum yana jin kamar nan take abin ya faru. In ta kai daƙiƙa 1, ya lura da jinkirin amma tunaninsa bai katse ba. In ta wuce daƙiƙa 10, hankalinsa ya bar wurin, kuma dole a nuna masa wata alama cewa ana aiki. Abin da ya faru a shagon Malam Bello ke nan. Ya danna, an bar shi cikin duhu, ya sake dannawa. Kowa ma haka zai yi.

Umaru:
Malama wallahi kamar kina wurin. Ni abin da ya fi ƙona mini rai shi ne shafin da ke tsalle. Rubutu ya fito, ka kai yatsa za ka danna abin da kake so, sai wani hoto ko talla ya faɗo daga sama ya ture komai ƙasa, ka danna tallar caca. Sau biyu yana faruwa da ni a gaban mahaifina ina duba masa labarai, na rasa inda zan sa kaina don kunya.

Nasiru:
Malama na karɓi lissafinki, ba ni da ja. Amma ku ji ta bakinmu. Bidiyon ƙofa da hotunan shugabanni da Yaya Bello ya ambata, na rantse ba mai ginin ne ya so su ba. Ni kaina na taɓa yi wa wata ma'aikata shafi mara nauyi, rubutu da 'yan hotuna, yana buɗewa kamar ƙiftawar ido. Da na kai, shugaban ya kalla ya ce wannan ai kamar takardar jarrabawa, ina hotonsa, ina abin da ke motsi, ya ga na wata jiha yana da bidiyo. Sai da na cika shi da kaya kafin a sa hannu a biya ni. A babbar kwamfutar ofishinsa ya duba, ya ji daɗi. Wanda ke biya shi ke faɗin yadda yake so. In na ƙi, gobe wani za a kira.

Malama Asma'u:
Na yarda ana yi muku haka, kuma ba ƙaramin matsi ba ne ga matashin da ke neman abincinsa. Amma Nasiru, hana maɓallin biya dannuwa sau biyu layi nawa ne na aiki? Rubuta "ana kan aiki, kada a sake dannawa" fa? Ajiye abin da mutum ya cike a shafi na ɗaya da na biyu don kada ya goge in layi ya yanke fa? Babu shugaban da zai hana ka waɗannan, bai ma san da su ba. Hotonsa kuma ana iya sa masa, a matse shi ya koma kilobait 60 maimakon megabait 4, ido ba zai bambance ba a allon waya. Bidiyon a sa shi sai wanda ya danna ya so gani. Shugaba ya samu abin da yake so, yarinyar Tangaza ta samu fom ɗinta.

Hajiya Luba:
Na dawo. Ni kam jiki magayi. Jakunkuna da takalma da fulalluka na fata nake sayarwa, aikin dukawan garin nan, akasarin masu sayena suna Abuja da Kaduna da Legas. Shekara biyu da suka wuce aka ba ni shawara in buɗe shafi don a daina tambayata farashi ɗaya bayan ɗaya. Na biya kuɗi masu kauri aka yi mini. Na ɗauki hotuna masu kyau da sabuwar waya, jan fatar nan tana sheƙi har ɗinkin zaren kana gani, muka ɗora guda ashirin a shafin farko. Ranar da aka buɗe har walima na yi wa yaran shago.

Sai shiru. In tura wa mace linki, sai ta dawo ta ce Hajiya abin bai buɗe ba, turo mini a WhatsApp kawai. Wata aminiyata a Arkilla, nan cikin gari fa, ta kira ni ta ce ta buɗe shagona sau biyu datarta ta ƙare, ita ba za ta ƙara ba. Na ɗauka zolaya ce. Yanzu da Malama ta yi lissafin nan jikina ya yi sanyi. In kowane hoto megabait 4 ne, guda ashirin nawa ke nan?

Malama Asma'u:
Megabait 80 Hajiya. Wato mai gigabait ɗaya in ta buɗe shagonki sau goma sha biyu ko sha uku, ta tashi babu komai. Aminiyarki gaskiya ta faɗa miki. Dalilin da ya sa hotunan suke tafiya a WhatsApp kuwa shi ne manhajar da kanta take matse hoto kafin ta aika. Shafinki ba a koya masa haka ba, yadda kyamara ta ɗauka haka yake miƙa wa kowa.

Hajiya Luba:
La haula. Shekara biyu ina biyan kuɗin ajiyar shafi, ashe korar mutane yake mini.

Injiniya Shehu:
Barkanmu da war haka. Ina aikin kula da turakun sadarwa, bari in ƙara wani abu da ba a ambata ba, wato nisa.

Manyan wayoyin da ke ɗauko intanet ta ƙarƙashin teku a gaɓar kudu suke sauka, galibinsu a Legas. MainOne da Glo-1 sun fara aiki a 2010, WACS a 2012, Equiano na Google ya iso Legas a 2022. Daga can sai an ja waya ta ƙasa kusan kilomita dubu kafin a iso Sakkwato, kuma a hanya masu gyaran titi suna tsinka ta, ɓarayi suna yanka ta. Kun tuna 14 ga Maris 2024, da wayoyi huɗu suka lalace a teku wajen gaɓar Kwaddibuwa, bankuna da shafuka da yawa suka tsaya cik a faɗin Afirka ta Yamma? Wannan ya nuna yawancin abin da muke buɗewa ba a ƙasar nan yake zaune ba.

Haske a cikin irin wayar nan yana gudun kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa. Kamar da yawa, amma in kwamfutar da ke riƙe da shafin tana Amurka, zuwa da dawowa ya kai kilomita 20,000 ko fiye, wato kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya tafi tun kafin a lissafa tsaye-tsayen hanya da na turken waya. Kuma ba sau ɗaya ake zuwa ba. Kafin harafin farko ya fito, waya sai ta tambayi adireshin shafin, ta ƙulla magana da kwamfutar can, su yi musayar makullan tsaro, sannan ta nemi shafin. Zuwa da dawowa uku ko huɗu ke nan. In kuma mai ginin ya ɗebo salon rubutu daga wani kamfani, talla daga wani, na'urar ƙirga baƙi daga wani, kowanne sai an sake yi masa wannan gaisuwar daga farko. Shi ya sa za ka ga shafin da ba shi da nauyi sosai amma yana jan ƙafa.

Akwai magani. Tun 2006 aka kafa cibiyar musayar intanet ta Najeriya, IXPN, don abin da ke cikin gida ya daina zagayawa ta Turai. Kamfanoni irin su Cloudflare suna da rumbu a Legas da ke ajiye kwafin shafi kusa da mu, har da tsarin da ba a biya. Shafin makarantar da ɗalibanta duk 'yan jihar nan ne da Kabi da Zamfara, ban ga dalilin da zai sa kowane dannawa sai ta ƙetare teku ba.

Nasiru:
Injiniya, ajiye shafi a kwamfutocin ƙasar waje ya fi araha kuma ba ya yawan faɗuwa, shi ya sa muke zuwa can. Amma maganar rumbun Legas gaskiya ce, ina amfani da shi a wasu ayyukan. Sakaci ne ya sa ban mayar da shi ƙa'ida ba.

Umaru:
Akwai kuma zafi. Ban sani ba ko ni kaɗai ne, amma a watan Afrilu in rana ta take, wayata sai ta yi kamar an ɗaure ta. Shafin da ke buɗewa da asuba ba ya buɗewa da azahar.

Injiniya Shehu:
Ba kai kaɗai ba ne Umaru. Waya in ta yi zafi da kanta take rage gudun ƙwaƙwalwarta don kada ta lalace, mu kuwa da bazara muna haura digiri 40 kusan kullum. Ga shi shafukan yanzu ba saukewa kawai ake yi ba, suna zuwa da tarin umarnin JavaScript da wayar ce za ta zauna ta aiwatar kafin maɓalli ya fara amsawa. Babbar waya ta gama cikin daƙiƙa ɗaya, ƙaramar Android mai ƙwaƙwalwar gigabait 2, ga zafi, ga batir ya kusa mutuwa, sai ta ninka haka sau da yawa. A nan ne za ka ga shafi ya fito sarai amma ka danna ya ƙi motsi. Da azahar kuma an fi cunkoso a kan turke, abin ya haɗu biyu.

Malam Sani:
A matsayina na mai kula da zaure, ina roƙo kada kowa ya ambaci sunan makarantar ko na wani kamfanin waya, na ga wasu sun fara tambaya ta bayan fage. A ci gaba, muna ƙaruwa.

Kabiru Gawon Nama:
Ni ina da ja kaɗan. Duk wannan magana ta matse hoto da rage kaya, ba mayar da kanmu baya muke yi ba? Duniya ta tafi 5G, tun 2022 aka fara shi a Najeriya, Starlink mai intanet ta tauraron ɗan Adam ya shigo a 2023. Maimakon mu ce a gina mana shafuka irin na da, mu matsa wa gwamnati da kamfanoni su kawo mana intanet mai ƙarfi mana. Don me kullum mu za a yi wa na talakawa?

Malama Asma'u:
Malam Kabiru, neman ingantaccen sabis haƙƙinmu ne, ina tare da kai a kansa. Amma shafi mai sauri ba na talakawa ba ne. Waɗanda suka fi kowa kuɗi su suka fi kowa tsoron jinkiri. A 2016 Google ya fitar da binciken da ya nuna kashi 53 cikin ɗari na masu shiga shafi ta waya suna ficewa in ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe ba. A 2020 ya fito da ma'aunan da yake duba lafiyar shafi da su, ciki har da cewa babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa 2 da rabi, da kuma auna irin tsallen da Umaru ya yi kuka da shi, daga baya ya sa su cikin abubuwan da yake dubawa wajen jera sakamakon bincike. Facebook da kansa ya fitar da Facebook Lite a 2015 saboda masu ƙananan wayoyi da raunin sabis, don ya san in bai yi ba zai rasa su. Su da ke da duk injiniyoyin duniya suna ƙirga kilobait, mu ne za mu ce ƙirgawa ƙasƙanci ne?

Sannan ko an kawo 5G har Tangaza gobe, dattijon nan da wace wayar zai kama shi? Data kuma ba kyauta ba ce. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Duk megabait ɗin da mai gini ya bari a shafi ba tare da amfani ba, daga aljihun mai buɗewa ake cire kuɗinsa.

Kabiru Gawon Nama:
Na ji wannan. Amma dai kada a bar kamfanonin su sha, su ma suna karɓar kuɗinmu.

Alhaji Garba Goronyo:
Ba a bar su ba Malam Kabiru. Amma ni abin da ni gani, bankin da nike hulɗa da shi, manhajarsu ba ta buɗewa a gona, lambobin nan da ake dannawa da tauraro su ka fisshe ni kullum. Rubutu zalla, babu hoto, kuma kuɗi na tahiya. Da masu shahin farashin nan za su yi muna irin haka, sunan kasuwa da kuɗin buhu kawai, da kullum sai na duba. Ban buƙatar hoton albasa, ina da ita cike da rumbu.

Nasiru:
Hajiya Luba, in kin yarda turo mini bayanan shiga shafinki ta akwatin sirri. Ba ni na gina shi ba amma zan duba, ba sai kin biya ba. Maganar Malama ta tsaya mini.

Hajiya Luba:
Na tura maka, ɗana. Allah ya yi maka albarka.

Nasiru:
To jama'a ga abin da na samu, gani ya kori ji. Na sa adireshin a PageSpeed Insights, wurin auna saurin shafi, kyauta ne kowa na iya gwada nasa, sakamakon waya ya fito ja wur, wato ya faɗi. Shafin farko megabait 71. Hotuna 20 ne kamar yadda ta faɗa, kowanne faɗinsa ya haura ɗigo 4,000, alhali a waya ko 1,000 ba a buƙata. Akwai kuma wasu ƙarin manhajoji tara da aka liƙa masa, shida ba sa aikin komai, har da mai zubo da taurari a allo.

Abin da na yi cikin sa'a ɗaya da rabi: na rage faɗin hotunan zuwa 900, na mayar da su tsarin WebP mai rage nauyin hoto, kowanne ya dawo tsakanin kilobait 50 da 90. Na sa na ƙasa kada su sauko sai mutum ya gangaro wurinsu. Na ba kowane hoto gurbinsa tun farko don kada shafin ya yi tsalle. Na cire manhajoji shidan nan. Na sa farashi da maɓallin WhatsApp su riga komai fitowa. Yanzu abin da ke sauka da farko bai kai kilobait 600 ba. A cikin Chrome akwai wurin da ake rage gudun intanet da gangan don a ga abin da mai raunin sabis ke gani, na gwada a can ya buɗe. Amma na fi son gwajin gaske. Alhaji Garba, na tura maka linkin, don Allah buɗe daga inda kake ka ƙirga.

Alhaji Garba Goronyo:
Ina bakin gona yanzu, sanda biyu ta sabis. Na danna na hwara ƙirga, ban kai bakwai ba jakka ta hito da kuɗinta a ƙasa. Hajiya, wagga ja mai igiya doguwa, a aje mini guda, uwargida za ni kai ma.

Hajiya Luba:
An ajiye Alhaji. Wallahi hawaye ne a idona. Cinikin farko ke nan da shafin nan ya taɓa kawo mini daga wajen gari. Nasiru, ɗinkin ma yana fitowa sarai, ban ga abin da ya ragu a hoton ba.

Malama Asma'u:
Madalla da kai Nasiru. Abu ɗaya zan roƙe ka, kai da sauran masu ginin da ke karantawa ba su yi magana ba. Ku nemi tsohuwar ƙaramar waya ku ajiye a teburin aiki, da layin da ba na ofis ba. Ranar da za ku kai wa shugaba aiki, ku miƙa masa ita ya buɗe da hannunsa, a tsakar rana, a waje. Ni haka nake sa ɗalibaina su gwada aikinsu kafin in ba da maki, kuma wanda ya tsaya yana kallon farin allo na minti ɗaya a gaban 'yan ajinsu ba ya sake ɗora hoton megabait 4.

Nasiru:
Zan yi Malama. Amma fotal ɗin makarantar ba a hannuna yake ba, kuma nasu ya wuce matsalar hoto. In dubban mutane suka hau lokaci ɗaya kwamfutar da ke riƙe da shi ƙarama ce, sai an ƙara mata ƙarfi a makon rufewa. Yaya Bello, ka gwada bayan ƙarfe ɗaya na dare lokacin da jama'a suka kwanta. Kada ka sake biya. Ka nemi wurin da ake tabbatar da biyan da aka riga aka yi, ka sa lambar da ke cikin alat ɗin farko. Ka ɗauki hoton alat ɗin biyu, da su za a nemi a dawo da ɗayan.

Bello Mai Kafe:
Na gode ƙwarai, duka na rubuta. Akwai fom ɗin mutum biyar a hannuna na makarantar nan, ba nata kaɗai ba. Yau a shago zan kwana, na sayi man janareta.

Umaru:
Allah ya ba da sa'a Malam Bello. Ka sanar da mu.

Bello Mai Kafe:
Ƙarfe 2:20 na dare. Na yarinyar Tangaza ya shiga, lambar alat ɗin farko ta yi aiki, risit ya fito na buga kwafi biyu. Ko a wanga lokaci sai da bidiyon ƙofar ya gama saukowa kafin maɓallin ya fito. Uku sun shiga, biyu sun goge a shafi na uku, ina sake cike su yanzu. Kuɗin da anka cire na biyu bai dawo ba. Da safe zan kira dattijon in gaya masa fom ɗin ɗiyarsa ya shiga, in kuma ce ya turo ƙanensa da katin banki, mu je mu cike takardar ƙorafi kafin layi ya yi tsawo.